Ranar da Ɗana Ya Koma Ruwan Bula

Ba zan taɓa mantawa da bitar Tambuwal ba, kuma ko da na so in manta, abokan aikina ba za su bar ni ba. Gara ma ku ji labarin daga bakina, don wanda ke yawo a gari an ƙara masa gishiri da yawa (wata har cewa ta yi wai suma na yi, alhali ban suma ba, gudu dai na yi, kuma gudu mai kyau).

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a wajen Kebbe. Awon ciki, rigakafi, auna nauyin yara, da yi wa iyaye mata bayani a ƙarƙashin rumfa, duk aikina ne. 'Ya'yana biyu: Walida da ke firamare, da Sadiku wanda a lokacin bai cika shekara ba, yana tsakiyar fitar da haƙora, duk abin da hannunsa ya kai sai ya tura a baki.

Duk matar da ke aiki tana goyo ta san maganar tufa ba ta ado kawai ba ce. Kafin ki kai ƙofar gida an yi miki tumbuɗi a kafaɗa, an goge majina a gefen zaninki, babbar kuma ta riƙe ki da hannun da ta ci ƙosai tana kukan fensirinta ya ɓace. Daga nan ki hau babur a hanyar da in ba ƙura ba to taɓo. Shi ya sa na daɗe da yin sallama da leshi da atamfa mai tsada. Yadi nake saye mai araha, in zauna a kan tsohon keken ɗinkin da mahaifiyata ta bar mini, in ɗinka abina. Rigata doguwa ce mai faɗi yadda zan hau babur ba tare da na yi ta jan ƙasa ba, da zif a gaba saboda shayarwa, da manyan aljihu biyu: ɗaya na waya da biro, ɗaya na hankici da guntun biskit. Launi kuwa kullum mai duhu, wanda ko kunu ya zuba a kai sai wanda ya matso zai gani.

Da farko dariya ake yi mini a wurin aiki. Anti Rabi, babbarmu a ɗakin awo, mutuniyar Dogon Daji ce mai son ado, ta kan dube ni ta ce, "Ƙanwata, wagga riga taki da aljihu awa ta mai sayar da goro." Amma ranar da jikanta ya yi mata amai a kan sabon leshi tana shirin fita, da kanta ta kawo mini yadi ta ce in ɗinka mata irin tawa. Tun daga nan na fara jin kaina. Ina ganin a duk ƙasar Kebbe babu macen da ta fi ni sanin sirrin tufar aiki.

Ana cikin damina shugaban asibitinmu ya kira ni ya ce za a yi bita a Tambuwal, ta ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, kuma manya za su zo daga Sakkwato. A cikin waɗanda suka yi bayani mai kyau za a zaɓi masu horar da sauran ma'aikata. Ni aka ba in yi magana a kan alamomin haɗari a jikin ƙananan yara. Na fito daga ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Shekaru ina wannan bayani ga matan ƙauye, har a barci zan iya yinsa, ga shi yau manya za su ji.

Abu na farko da ya faɗo mini a rai, ba na ɓoye muku, ba bayanin ba ne. Abin da zan saka ne.

Ranar kasuwa na bi Malam, maigidana, zuwa Tambuwal. A wata rumfa na hango wani yadi shuɗi mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ga laushi, ga araha har na ɗauka mai rumfar ya yi kuskuren faɗin kuɗi. Na murza shi a hannu na ce, "Alhaji, ba ya zuba dai ko?"

Ya ce, "Hajiya, wanga yadi ba shi zuba. Ko cikin gulbi kika shiga da shi, yadda kika shiga haka za ki fito."

Na sayi mai yawa. Na ɗinka riga, na yanki mayafi, ragowar na yi majanyin goyo da ita, don in na goya Sadiku mu zama abu ɗaya ni da shi. A al'adata duk sabon yadi sai na jiƙa shi na wanke kafin in saka. Amma satin nan kullum sama a haɗe take, shanya ba ta bushewa, kuma gaskiyar magana sheƙin nan ne ban so ya tafi ba. Na ce bari manyan Sakkwato su fara gani, sannan ruwa ya gani.

Sai maganar Sadiku. Kullum Inna, mahaifiyar Malam, ke riƙe shi in na tafi aiki, da rana in leƙo in ba shi nono in koma. Amma Tambuwal yini ne guda, yaron kuma ba ya karɓar kunu sosai. Ga shi a satin ya yi mura da ɗan tari, duk da ya warware. Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, tafi da abinki. In ya tashi kukan nono mi zan ba shi? Ki dai rufe shi da kyau, kin ga garin da sanyi."

Da safe na sallami Walida makaranta (bayan an yi rigimar takalmi ƙafa ɗaya da aka tsinto a bayan randa), na yi wanka, na saka sabuwar rigata. Na tsaya gaban madubi na juya dama na juya hagu. Malam da ke jira a kan babur ya ce, "In kin gama gaisawa da kanki, hanya na jiranmu." Na goya Sadiku da sabon majanyi, na lulluɓe mu da sabon mayafi, muka kama hanya.

Mun yi nisa yayyafi ya sauko. Ba ruwa mai ƙarfi ba, irin mai jiƙa mutum a hankali ba tare da ya sani ba. Malam ya ce mu fake a wani ƙauye, na ce a'a, kada in makara. Na ƙara jan mayafi na rufe kan yaro. Ina jin sa a bayana yana ta tsotsar wani abu yana gurnani irin na mai ƙaiƙayin dasashi, na ce alhamdu lillahi, ya sami abin yi, ba zai dame ni ba. Can ya yi barci.

Malam ya sauke ni a ƙofar ɗakin taron ya wuce kasuwa neman taki. Ɗakin a cike yake. An jera fararen kujerun roba, a gaba kuma ga teburin manya, a tsakiyarsu wata likitar yara daga Sakkwato, doguwar mace mai tabarau, sanye da farar rigar likitoci. Na sami kujera kusa da Anti Rabi na zauna a bakin-baki saboda goyo. Ta shafa hannun rigata ta ce, "Kai, ƙanwata, yau kam kin fito." Na ce, "Yadin kasuwa ne fa, Anti, ni na ɗinka." Na faɗa da ɗan ƙarfi don na bayanmu su ji.

Babu wuta, fanka ba ta juyawa, jama'a sun yi yawa. Jiƙar yayyafi ta haɗu da gumi. Mutum biyu suka yi bayani kafin ni, ɗaya yana karantawa daga takarda kansa a sunkuye, ɗaya muryarta na rawa. Na ce a raina yau rana tawa ce.

Da aka kira ni na tashi da goyona, na karɓi makirfo, na yi sallama. Ban riƙe takarda ba. Na yi musu bayani yadda nake yi wa matan rumfa: yaron da ya kasa shan nono, yaron da numfashinsa ke sauri, wanda ƙirjinsa ke faɗawa ciki in ya ja iska, wanda ke jijjiga, wanda aka tashe shi ya kasa farkawa. Ina yi ina kwaikwayon muryar kakanni masu cewa a bari a ga gobe, mutane na dariya suna gyaɗa kai. Na saci kallon likitar na ga tana rubutu tana murmushi. Kaina ya ƙara girma.

Na ce, "Akwai kuma alamar da in kun gan ta ba a jiran mai babur ya gama cin abinci. In leɓen yaro ko harshensa ya koma shuɗi, to iska ba ta isar jikinsa. Wannan gudu ake yi."

Daidai nan Sadiku ya motsa a bayana. Sai wata dabara ta zo mini (irin dabarar da kan zo wa mutum in yabo ya yi masa yawa). Na ce, "Tun da ga ɗalibi ya farka, bari in nuna muku yadda ake duba bakin yaro." Na yaye mayafi, na kwance majanyi, na juyo da shi gabana, na ɗaga shi yadda kowa zai gani, na sa yatsa na janye leɓensa na ƙasa.

Shuɗi ne. Leɓe shuɗi, dasashi shuɗi, harshe kamar an tsoma a ruwan bula. Na buɗe tafin hannunsa, shi ma haka.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne wasu a baya tafi suka fara yi. Sun ɗauka shiri ne, wai na shafa masa wani abu don darasi ya zauna. Na ji wani yana cewa, "Wagga mata ta iya koyarwa." Ni kuwa a lokacin duk ilimin da ke kaina ya tashi. Ban tuna a ƙirga numfashi ba, ban tuna a duba ƙirji ba, ban ma lura yaron na wasa da igiyar makirfo ba. Tarin da ya yi a satin kawai na tuna, da yayyafin da na ƙi fakewa, da Inna da ta ce in rufe shi da kyau. Na ce shi ke nan, na kashe ɗana saboda son a yabe ni.

Na saki makirfo ya faɗi da ƙara. Na rungume yaro na yi ƙofa ina salati ina kiran a kawo mota. Takalmina ɗaya ya tsaya a gaban teburin manya. Ɗaki ya hargitse, kujeru na faɗuwa, Anti Rabi na biye da ni tana kuka, wani direba har ya tayar da motar baƙi ya juyo da ita.

A bakin ƙofa likitar ta cim mini. Ban san mace mai irin wannan natsuwa na iya gudu haka ba. Ta riƙe kafaɗata ta ce, "Malama, ba ni shi. Ni likitar yara ce, asibitin ma wurin irina za ki kai shi."

Ta zauna a kan dakali ta ɗora shi a cinya, ta ɗage rigarsa ta zuba wa ƙirjinsa ido. Ta sa abin sauraron ƙirji ta saurara gaba da baya. Jama'a sun kewaye mu. Sadiku ya kama abin sauraron ya ja, ya tura a baki, ya dubi likita ya washe mata shuɗin dasashinsa yana dariya.

Ta ce, "Numfashinsa lafiya lau. Ƙirjinsa a washe yake."

Na ce, "Likita, dubi bakinsa fa."

Ta sunkuyar da kai. Hannun farar rigarta take kallo, inda ta riƙe ni da inda yaron ya jingina. Duk ya yi shuɗi. Ta ɗago ta dube ni daga wuya zuwa hannu. Sannan ta ciro hankici, ta ce a ba ta ruwan leda, ta jiƙa, ta goge leɓen Sadiku a hankali. Leɓe ya fito ja, hankici ya koma shuɗi.

Ta gyara tabarau ta ce, "Malama, yaushe kika sayi mayafin nan?"

Na dubi gefen mayafina. Ya jiƙe sharkaf da yawu, an tauna shi har ya yi laushi. Na dubi hannuwana, shuɗi har gwiwar hannu. Anti Rabi, hawaye bai bushe mata ba, ta leƙa wuyana ta ce, "Ƙanwata, ke ma ai iska ba ta isar ki."

Nan dariya ta ɓarke. Ba irin ta ɓoye ba, irin wadda manya ke riƙe ciki suna jingina da bango. Direba ya kashe mota ya kifa kai a kan sitiyari. Ni kuwa ina tsaye ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ban san ko in yi kuka ko in yi godiya ga Allah ba, sai na haɗa duka biyun.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Da muka koma ciki sai na tarar mutane na zagaye wata kujera suna kauce mata. Tawa ce. Farar roba ta ɗauki hoton zamana tsaf, ba abin da ta rage (ba zan yi muku bayani ba, masu hankali ne ku). Wani bawan Allah ya ɗauke ta ya kai bayan ƙofa ya juya fuskarta bango, Allah Ya saka masa da alheri.

Shugaban taron ya matso ya ce a hankali, "Malama, ko za ki huta, mu wuce ga na gaba?" Na so in ce to. Na so in ɗauki ɗana in bi ta taga in hau kabu-kabu har Kebbe. Amma na tuna ban gama bayanina ba, kuma in na zauna yanzu, abin da za a tuna da ni kujera ce kawai. Na ce, "Ranka ya daɗe, saura kaɗan."

Na je gaban teburin manya na saka takalmina, na ɗauki makirfo daga ƙasa, Sadiku a kafaɗata. Na ce, "To, kun ga yadda ake gudun." Aka sake fashewa. Da aka lafa na ce, "Abin da ban yi ba shi ya kamata ku koya wa iyaye. A dubi numfashi, a dubi ko yaro na wasa, a sa tsumma mai ruwa a goge. In an goge ya fita, a je a nemi mai yadi. In bai fita ba, a yi gudun da ya fi nawa." Daga nan na ƙarasa sauran bayanin har ƙarshe, ban tsallake komai ba.

Da likitar ta tashi yin jawabi, da hannun rigarta mai shuɗi, ta ce ta sha ganin yaran da aka kawo mata bayan lokaci ya ƙure saboda an tsaya shawara. Ta ce in za a ba ta zaɓi, ta fi son uwar da za ta ruga a banza a yi mata dariya. Bayan an tashi ta kira ni gefe ta ce in ci gaba da ba shi nono, in lura da cikinsa, kuma kada in tsorata da abin da zan gani a kunzugunsa washegari. (Na gani. Ban tsorata ba, amma Inna ta yi salati.) Sannan ta kama aljihun rigata ta leƙa ta ce, "Wa ya yi miki ɗinkin nan?" Na ce ni ce. Ta ce ita ma tana da mai shan nono a gida, kuma ba ta taɓa samun tela da ya gane zancen zif a gaba ba.

Malam ya dawo da buhun taki a bayan babur ya same ni a ƙofa. Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce, "Bita anka yi ko rini?" Sai da muka wuce gari na fara zayyana masa abin da ya faru. Da na gama ba shi labari ya tsayar da babur a gefen hanya don kada dariya ta kayar da mu.

Sunana ya fito a cikin masu horarwa. Ya fito kuma da ƙari, don daga Kebbe har Dogon Daji yanzu Maman Bula ake ce mini. Rigar na wanke ta har ruwa ya daina canza launi, ta koma kalar sararin sama, kuma har gobe ina zuwa aiki da ita. Mai rumfa da na koma masa cewa ya yi, "Hajiya, ai gulbi na ce, ban ce yawun yaro ba."

Bayan girbi, wata rana ana tsakiyar awo, wata matashiya ta faɗo rumfarmu a guje, ba mayafi, ƙafa duk ƙaya, jaririya a hannu. Numfashin yarinyar sama-sama, leɓenta ya yi duhu. Uwar na haki ta ce, "Na goge, Malama. Na goge bai fita ba." Wannan karon kaina bai tashi ba. Muka yi abin da za mu iya, na hau mota da su zuwa babban asibiti, aka sa mata iska. Ciwon haƙarƙari ne, kuma an kawo ta a kan lokaci. A hanyar dawowa, bayan an sallame su, na tambayi uwar wa ya koya mata gogewa. Ta ce a gidan suna ta ji mata na ba da labarin wata ma'aikaciya da ta tayar da taro saboda rinin mayafi, ana ta dariya. Ba ta san ni ce ba, ni kuma ban faɗa mata ba.

Don haka masu dariya su ci gaba, su ƙara gishiri in sun so, in dai sun kai labarin har wurin gogewa da gudu. Ni dai abin da na ɗauka shi ne: yadi mai araha ba laifi ba ne, har yanzu shi nake saye kuma da shi nake alfahari. Amma duk sheƙinsa, bokiti zai fara gani kafin jama'a. In kuma zan yi misali da yaro a gaban manya, sai na leƙa bakinsa tukuna a bayan ƙofa.